Yarinyar da Marigayiya Ladi Ta Riƙa

Zuwa ga mai girma ɗan majalisa mai wakiltar unguwarmu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Sunana Hajiya Binta, ina zaune a Plumstead, nan London, aikina kula da tsofaffi a gidajensu. Ba lallai ka tuna da ni ba, amma za ka tuna masar da ka ci a taron Sallarmu har ka nemi ƙari. Ni na soya ta. 'Yata Amira za ta juya maka wannan zuwa Turanci. Na rubuta da Hausa ne don da Hausa abin yake mini ciwo.

Maganar Nafisa ce, ƙawar Amira tun suna ƙanana.

Na farko, ka ji yadda ta zo. A wajenmu akwai riƙo. Idan Allah bai ba mace haihuwa ba, ɗan'uwanta yakan ɗauki 'yarsa ya ba ta, ba takarda, ba sa hannu, sai addu'a. Haka aka ba maƙwabciyata Ladi 'yar ƙaninta, ta zo da ita nan da bizar ziyara tana shekara huɗu. Kuma a wajenmu babban abin kunya ne mariƙiya ta buɗe baki ta ce wannan ba 'yata ba ce. Don haka ranar da aka sa Nafisa a makaranta, Ladi ta rubuta mata sunan mijinta a matsayin uba, kamar yadda kowace mariƙiya za ta yi a can gida Funtua. Haka a wajen likita, haka a council, wato ƙaramar hukuma. Fasfon yarinyar kuwa sunan mahaifinta ne a jiki. Ladi ba ta yi don ta yaudari gwamnati ba, gudun kada yarinya ta ji ita bare ce a gidan ta yi.

Na biyu, mijin Ladi ya daɗe da rasuwa, ita ma bara Allah ya karɓi abarsa. Bayan arba'in Nafisa ta dawo gidana. Tare suka sami jami'a da Amira, Nafisa karatun ungozoma. Amira ta ɗauki akwatinta ta tafi. Nafisa kuwa aka ce ta kawo shaidar izinin zama, a ranar ta fara jin cewa ba ta da shi. Da ta ga sunan da ke fasfonta, a kicin ɗina ta tsaya ta tambaye ni wace ce ta haife ta, ni na gaya mata, kuma wallahi ban taɓa yin aiki mai nauyin wannan ba. Yanzu ba karatu, ba aiki. Ta wanke mini kwanuka har sun fara kuka da ita. Jami'a ta ce za ta riƙe mata gurbinta zuwa baɗi, ba za ta ƙara ba.

Na uku, na san za a ce ai akwai hanya. Mun bi ta. Wani lauya a Lewisham ya ce sai ta nuna shaidar shekarun da ta yi a ƙasar nan. Shaida kam ga ta nan, sakamakon makaranta cike da jaka, amma duk da sunan da ba shi ne a fasfo ba. A takarda, yarinyar da ta yi karatu a nan ba ta da fasfo, mai fasfon kuma ba ta taɓa shiga aji ba. Matar da za ta rantse cewa mutum ɗaya ce tana ƙasa. Ko an amince ma, izini ne na ɗan lokaci: a biya, a jira, a sabunta, a sake biya, ƙuruciya tana tafiya.

Ban ce manya ba su yi kuskure ba, sun yi. Amma ba a yi shawara da 'yar shekara huɗu ba kafin a sa ta a jirgi. Kuma ba ita kaɗai ba ce. A Peckham na san wani yaro daga zangon Hausawa na Ghana da ke cikin irin wannan hali.

Roƙona gare ka, ranka ya daɗe: ka tashi a majalisa ka nemi a buɗe wa yaran da suka girma a nan hanya gajera, mai sauƙi, wadda ƙarshenta zama ɗan ƙasa ne. A kuma karɓi shaidar malamai da maƙwabta idan suna ya saɓa. Ni zan fara rantsuwa. Ga Nafisa kuma, ka sa baki kafin gurbin nan ya kuɓuce.

Wasu suna cewa ta koma gida. Idan na yi mata Hausa, da Turanci take amsa mini. A gida mata ba su cika zuwa maƙabarta ba, amma ita 'yar nan ce, duk Lahadi sai ta hau bas ta je ta cire ciyawa a kabarin Ladi. Uwar da ta sani ke nan, kuma a ƙasarku take kwance. Wane gida ake so ta koma?

Allah ya yi maka jagora, ya raya maka zuriya, ya sa kada a taɓa tambayar ɗanka shaidar cewa shi ne shi.

Wassalam.

Hajiya Binta,
Plumstead, London.