Jumma'ar da Ofishinmu Ya Ba Ni a Bologna

Zuwa ga Shugaban Sashen Kula da Ma'aikata na kamfaninmu,
Madinar Masana'antu, Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya kai da iyali. Na rubuto a fili ne domin sau uku ina zuwa ofishinka ana ce mini kana taro. Na zaɓi Hausa don na san kana jinta ko da Larabci ya fi maka sauƙi a baki, kuma don 'yan'uwa na zauren ma'aikata su karanta.

Sunana Hafizu. Bara na gama karatun injiniya a Kano, wannan ne aikina na farko, kuma saura mako uku wa'adin gwajina ya cika. Watan jiya kamfani ya tura ni Bologna, a Italiya, koyon sabon injin zuba lemo a kwali. Na dawo babu takardar shaida, sannan aka sa mini gargaɗi a fayil cewa na bar horo na tafi yawon buɗe ido. Ga abin da ya faru.

Na ɗaya. Masu horon ba ni suka aiko wa jadawali ba, ofishinmu na tafiye-tafiye suka aika wa. Ofishin ya sake buga shi a takardar kamfani mai hatimi: Litinin zuwa Alhamis horo, Jumma'a da Asabar "hutun mako". A ƙasa aka jera inda zan je. Jumma'a in hau jirgin ƙasa zuwa Florence, in ga tsohuwar gadar da masu sayar da zinariya suka yi shaguna a kanta. Asabar in bi dogayen rumfunan titunan Bologna, in ga hasumiyoyin nan biyu da suka karkace.

Na biyu. Hankalina bai kwanta ba, domin a can Asabar da Lahadi ake hutu. Ran Laraba na tura wa jami'in tafiye-tafiye saƙo ina tambaya, ran Alhamis na sake turawa. Amsarsa, da gaurayen Larabci, ita ce: "Halas ya muhandis (shi ke nan, injiniya), Jumma'a taka ce. Yalla, je ka ga duniya." Saƙon yana nan a wayata.

Na uku. Ran Jumma'a da hantsi ina kan gadar ina ɗaukar hoton da zan tura wa mahaifiyata, sai malamin horon ya kira yana tambaya ko lafiya nake. Ashe ranar ce ake jarraba mu a kan injin. Na ruga tasha, na shiga jirgin da na fara samu. Kafin in isa an kashe injin, mai jarrabawa ya tafi. Malamin ya nuna mini jadawalin da suka aiko, ga Jumma'a nan a rubuce ɓaro-ɓaro. Wanda ya sake bugawa ya ga Jumma'a, ya ɗauka ko'ina Jidda ce, ya goge jarrabawa ya sa Florence.

Laifina ɗaya, kuma na amsa shi: ofishinmu na tambaya, ban tambayi malamin ba, don ina jin nauyin ya ɗauka ban iya karanta jadawalina ba. Amma na bi takarda mai hatimin kamfani, ranka ya daɗe. In bin ta laifi ne, me ya sa sunana kaɗai ke cikin gargaɗin?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, takardar da ta san Jumma'a hutu ce ba ta san ta gaya mini inda masallaci yake ba. A jirgin komawa lokacin salla ya wuce. Na rasa jarrabawa, na rasa sallar Jumma'a. Ni da motar ma'aikata ba ta taɓa jirana a unguwarmu ta Kurayyat ba, yau a wurin cin abinci "ɗan yawon Italiya" ake kirana. Kamfanin nan ne kafilina, wato shi ya tsaya mini nake zaune a ƙasar nan. In ba a tabbatar da ni ba, iƙamata, takardar izinin zamana, ta tafi, in koma gida da sunan wanda ya gudu daga horo.

Don haka ina roƙon a cire gargaɗin daga fayil ɗina kafin wa'adina ya cika. A rubuta wa masu horon gaskiyar abin da ya faru, domin malamin ya ce zai sake jarraba ni in kamfani ya nema a rubuce. A kuma riƙa ba ma'aikaci jadawalinsa yadda ya zo.

Wannan na ƙarshe ba don kaina nake roƙo ba. Abokan aikina biyu za su tafi Bologna wata mai zuwa, kuma jiya ɗayansu ya nuna mini takardarsu. Ranar Jumma'a an rubuta musu Florence.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka ikon yin adalci, ya sa ka karanta wannan kafin su tashi.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Hafizu, Sashen Injinan Kwali.