Harafin da Ban Buɗe Ba

Kara, Gwarzo
3 ga Yuli, 2024

Zuwa ga 'yata Zinnira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidanki Badamasi, da yara, da aikin shagon kwamfuta. Ni ina nan yadda kika sani: gwiwa ta ƙi, ido yana bin sahunta.

Na san za ki ce me ya hana ni kira. Waya ta masu gaggawa ce, ni kuwa babu mai jira na. Direban motar Kabo ya ishe ni ɗan aike.

Tambaya gare ni. Injinan nan naku da ake cewa sun san komai, suna iya rubuta Bambara, harshen mutanen Mali? Ga haruffa huɗu na zana miki: ɛ, ɔ, ɲ, ŋ. Na biyun nake so ki duba da kyau. O ce, amma an buɗe mata ƙofa ta hagu.

Ban sa rai ba. Shekara talatin na yi ina buga tafireta a ofis, ina bin kowace k da d da biro ina yi musu lanƙwasa, har na bar aiki babu wanda ya taɓa lura.

Ki gai da Ummanki.

Kawunki,
Hambali Haladu

Kabo
8 ga Yuli, 2024

Kawu,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa da ladabi. Yaya gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi.

Bambara kuma, Kawu? Umma ta ce in tambaye ka ko kai da aljanun kukar bayan gida ne kuka fara musayar takarda.

Na gwada. Da farko kwamfutar ta tsaya kai da fata. Na kwafo haruffan daga intanet, na aika wa firinta, sai ga 'yan akwatuna huɗu a jere, babu komai a cikinsu. Na sauya salon haruffa, na samo kibod na musamman na ɗora. Yanzu idan na danna waƙafi mai ruwa, na bi shi da o, sai harafinka ya fito da ƙofarsa a buɗe. Haka e take zama ɛ. Har ƙ da ɗ da ka sha wahala a kansu suna fitowa da lanƙwasarsu, ba biro.

Amma ba zan buga ko layi ɗaya ba sai ka gaya mini wa za a rubuta wa.

Ka huta lafiya.

'Yarka,
Zinnira

Kara, Gwarzo
15 ga Yuli, 2024

Zinnira,

Bayan sallama da gaisuwa. Ki ce wa Ummanki aljanun sun fi ta riƙe sirri.

Tun da kin kafa sharaɗi, ga shi. A 1983 aka tura ni Segu, ƙasar Mali, kwas na yaƙi da jahilci, lokacin da ake ganin zan zama wani abu. Malamar da ta koya mini harshen sunanta Jɛnɛba, wato Zainabu. Haruffan nan sababbi ne a lokacin, tana ji da su kamar ita ta haife su. A bakin kogin Joliba take koya mini bayan la'asar, tana zana su da yatsa a jiƙaƙƙen yashi, ruwa ya zo ya lashe, ta sake. Har yau idan na kishingiɗa a gindin mangwaro bayan azahar, gonar maƙwabcina Mainika takan koma mini ruwa, dawa ta zama jiragen masunta, in ji tana cewa, “Hambali, buɗe bakinka, ɔ ce, ba o ba.”

Ranar da zan taho agogon hannuna ya ɓata a gidansu. Na yi ta mita a gaban iyayenta, har mota ta kusa bari na.

Da na dawo Gwarzo na buga mata wasiƙar neman aure a tafiretar ofis. Tafiretar ba ta da ɔ. Dabarata ita ce in buga o, in sa reza in kankare gefenta na hagu. Wuni guda na yi ina kankara. Na rufe da layin da na fi alfahari da shi: “I ye n sɔn ye.” Ma'anarsa, ke ce zuciyata.

Ba ta amsa ba. Shekara arba'in ina cewa ta raina ni, kamar yadda ofis ya raina ni daga baya. Na auri Asibi, Allah ya ji ƙanta, ta zauna da mutum mai ɗacin rai ba da laifinta ba.

Watan jiya ruwa ya shiga ɗakina, na fito da adakata in shanya takardu. Zinnira, wasiƙar da na kankare tana ciki. Ita ce, da sawun rezata. Ashe kwafin da takardar kabon ta fitar a ƙasanta na sa a ambulan, wanda babu o ko ɗaya da aka buɗe. A Bambara sɔn zuciya ce, son kuwa ɓarawo. Ga batun agogo bai huce ba, sai ga takarda daga Najeriya: ke ce ɓarauniyata.

Abin dariyar, a Hausa harafin da ya kashe ni kalmar “so” yake rubutawa.

Ga wasiƙar asali nan, da wani ɗan bayani da na ƙara. Ki buga su daidai, ki haɗa mata da bayanin da na rubuta da hannuna. Akwai mai sayar da shadda ɗan Segu da Badamasi ya sani a kasuwar Kwari, ko zai kai. Ba na neman komai. Ba na dai son matar nan ta mutu tana zaton na kira ta ɓarauniya.

Kawunki,
Hambali

Kabo
2 ga Satumba, 2024

Kawu,

Ina gaisuwa. Ka yafe mini shirun, ban so in rubuto hannu rabbana ba.

Na buga, na bi kowace ɔ da yatsa sau uku, don ban san abin da nake bugawa ba. Mai shaddar ya yi dariya da ya ji sunan. Ya ce wa bai san Malama Jɛnɛba ba, ita ta koya wa mahaifiyarsa karatu. Tana raye, Kawu. Mijinta ya rasu, tana da jikoki, wai har yanzu tana gyara wa masu rubuta allon shago kuskure a kan titi.

Jiya ya turo mini hotuna biyu ta waya, na fitar maka a takarda. Ɗaya rubutun hannunta ne. Ɗayan ban gane dalilinsa ba: tafin hannun tsohuwa da lalle, da wani tsohon agogo a kai.

Don Allah me ta ce? Umma ta hana ni sakat.

'Yarka,
Zinnira

Kara, Gwarzo
4 ga Satumba, 2024

'Yata,

Sallama da godiya, Allah ya yi miki albarka.

Ta ce ita ta ɗauki agogon. Ta ɓoye shi a tulun gero don motar ta tafi ta bar ni, ko in dawo nemansa. Da wasiƙata ta zo, ta ga duk haruffan a rufe, ta san laifin inji ne. Amma layin ƙarshe ya tsaya mata, ta kasa sanin kuskure ne ko ganewa na yi, kunya ta hana ta tambaya.

Ta ce agogon ya tsaya tun shekarar, kuma har yanzu ɲ ta rubutun hannuna karkatacciya ce.

Yau na kishingiɗa bayan azahar, kogin ya zo har bakin zaure.

Ki buga mata cewa ta riƙe agogon. A ƙasa ki sa layin nan sau biyu, ɗaya a buɗe, ɗaya a rufe. Kada ki gyara ko ɗaya.

Kawunki,
Hambali