Wadda Ta Riga Ni Sauka

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya mai jiki? Ya ƙoƙari? Allah ya ba Inna sauƙi, ke kuma ya biya ki. Rubutawa nake yi in ɗauki hoton takardar in turo miki, don duk sanda na kira ki kuka muke sha mu biyun, har mu rabu ban faɗi abin da ya sa na kira ba.

Kada ki gaya wa Inna, amma ban taso ba. An buga mana hatimin fita a fasfo, an ɗora tikitinmu a na'ura ta yi ƙara, aka zuba mu a motoci biyu masu kai fasinja bakin jirgi. Ta farko ta sauke nata suka hau. Tamu ta tsaya kusa da fiffike, direba ya ƙi buɗe ƙofa, wai sai an ba shi izini. Muna tsaye a cunkushe kamar kifin gwangwani, muna kallo ta gilashi aka janye matakala, jirgi ya tafi da akwatunanmu. Da direban ya gaji da jira, sai ya zagaya ya sauke mu a wata ƙofar ma'aikata. Muka bi wani dogon lungu, sai ga mu a zauren da muka shigo da safe.

Na je kantar kamfanin jirgin da faɗana a baki, kin san hali. Yarinyar da ke wurin ta duba allo ta ce ai na tafi. Na tambaye ta ko wadda ke tsaye a gabanta inuwata ce, ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce ma'aikatan jirgi sun ƙirga kawuna kafin su rufe ƙofa, babu wanda ya ragu, kuma kujerata ta gefen taga da mutum a kanta. Ban bar wurin ba saƙo ya shigo wayata, kamfani na gode mini da na yi tafiya da su, wai in faɗi yadda na ji daɗin kujerar.

Kin ce likita ya ce ba magani ke riƙe da Inna ba, ni take jira. Na yarda da shi, aikina ne. Na daɗe ina juya iyayen wasu a gidan kula da tsofaffi, na sha ganin mutum ya riƙe ransa gam har wanda yake jira ya shigo. Ki ce mata ina hanya. Na kama ɗaki a wani masauki kusa da filin jirgi, gobe da sassafe zan koma.

Ki gaida mijinki da yara.

Taki har kullum,
Yaya Nas

*

Auta ƙanwata,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kun tashi lafiya, da fatan Inna ta ɗan sha wani abu. Ni lafiyata lau, sai dai zuciya.

Mun zama ƙungiya, mu mutanen mota ta biyu. Shugabanmu wani mai sayar da kayan gyaran mota ne da muke kira Lauya, don ya haddace haƙƙin fasinja kamar shi ya rubuta. Shi ya ja mu ofishin karɓar koke, wani ɗaki marar taga a ƙarshen zauren, da kujerun roba da fanka mai kuka. Jami'in wurin mutumin kirki ne, har ruwa ya ba mu. Ya ce ba shi da ikon karɓar koken wanda aka bari a ƙasa daga bakin wanda ya riga ya sauka a can. In abinci ne bai yi mana daɗi a sama ba, wannan zai saurara. Lauya ya yi ta buga tebur har hannunsa ya yi ja, mutumin yana ta ba shi haƙuri yana kallon bangon bayanmu.

Na ce maganar haƙƙi a kai kasuwa, na sayi sabon tikiti. A wajen duba fasfo aka tsayar da ni. Ashe ƙofar da direban nan ya sauke mu ba ta bi ta gaban masu hatimi ba, don haka a wurinsu na fita daga ƙasar ban dawo ba, kuma mutum ba ya fita sau biyu. Sun ce in kawo takarda daga kamfani cewa ban tafi ba. Kamfani ya ce in fara kawo hatimin shigowa. Haka nake yini tsakaninsu, har masu shara sun daina matsa mini in wuce.

Yanzu maganar akwati. Kin ce kin buɗe ƙofa kin gan shi a tsaye, kika ɗauka kamfani ne ya aiko. Na tambaya, Auta, ba sa kai kaya gida. Sun ce mai akwatin ce ta ɗauka da kanta, ta nuna 'yar takardar shaidar kaya. Takardar tana nan manne a bayan fasfona, ina kallonta yanzu. Lauya ma tunda ya yi waya da matarsa jiya bakinsa ya mutu. Ta ce masa maƙwabci ya gan shi yana buɗe shagonsa.

Kin san ni ba mai tsoron inuwa ba ce, na wanke gawa fiye da yadda zan tuna. Abu ɗaya nake roƙonki, ki ɓoye akwatin nan kada Inna ta gan shi. In ta gan shi za ta ce na iso, wanda ya ga abin da yake jira kuwa ba ya ƙara jira.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayarki,
Nas

*

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jikin Inna? Ke ma ki riƙa cin abinci, na ji muryarki ta dushe.

Ban ga laifinki ba. Yara sun riga ki, sun ja akwatin har gaban gadonta suna murnar tsaraba, wa zai hana su? Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sauran labarin. Kin ce kin fita shanya, kika dawo kika tarar an juya Inna gefen hagu, an sa mata filo tsakanin gwiwoyi, an shafe duga-duganta da mai. Kin tambaye ni ko na taɓa koya wa wani a gidan. Ban koya wa kowa ba. Wannan hannuna ne, haka nake yi wa tsofaffina don kada kwanciya ta ci musu fata, kuma duk tsawon hanyar nan abin da nake ta ƙudurawa zan fara yi mata ke nan.

Ba ki ji abin da ta ce mini ba da kika kara mata wayar a kunne, ni kuma na kashe ban gaya miki ba. Na gaishe ta, na ce Inna ni ce, ina nan tafe, ki jira ni. Muryarta ta fito tas, rabon da in ji ta haka tun kafin ciwon. Ta ce, “Baiwar Allah, kin yi kuskuren lamba. Tawa 'yar ta iso, ga ta nan zaune.”

Na yi zaton tsoro zan ji. Kishi na ji, Auta, kishi mai zafi. Don Allah ki riƙa gaya mata ban zo ba, ko da za ta yi fushi da ke. Ki bar ta ta ji haushina, haushi ma yana riƙe rai. Wani babba a kamfanin ya yarda zai duba hoton na'urar tsaro ya ga motarmu.

Taki,
Yaya Nas

*

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ya haƙuri? Ya muka ji da rashi? Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta, ya ba mu dangana.

Saƙonki ya same ni ina tsaye a kan layi, an gama soke hatimin fitar ke nan. Sun gan mu a hoton, sun ba mu haƙuri, gobe za a saka mu a jirgi. Yarinyar nan ta kantar kamfanin ta ɗago ta kalle ni a karon farko, ta ce Allah ya kiyaye hanya.

Na karanta abin da kika rubuta har ya zauna mini. Kin ce Inna ta sa kin fita, wai za ta yi magana da Yayarki su biyu. Kin tsaya a bayan ƙofa kina jin ta tana magana a hankali, ta yi shiru kamar mai sauraron amsa, ta ci gaba, har da dariya. Kin ce ba ki ji kalmomin ba, kuma da kika shiga ta riga ta cika, fuskarta a sake. Na gode wa Allah da ba ta tafi tana kallon ƙofa ba. Da gaske nake, na gode. Amma tun ranar da na bar gida nake jiran wannan zaman.

Kin ce ɗakin da kika gyara mini a rufe yake ta ciki, mijinki yana son ya ɓalle ƙofar. Ki hana shi. In har wadda ta riga ni sauka tana nan, kada ku kore ta, ki tsaya a bakin ƙofa ki ce ta jira ni in iso. Maganar da Inna ta faɗa mata tawa ce, ina son ta ba ni abata.

Ki gaida kowa da kowa, sai na zo.

Yayarki,
Nas