Allurar da Aka Yi Mini a Gumel

Zuwa ga Iya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Yaya ƙafar taki? Yaya iyalina, Husainatu da yara, da kuma Kawu Habibullah?

Ni lafiyata ƙalau, kada hankalinki ya tashi idan kin ji an ce ina asibiti. Ajiye mu kawai aka yi. Wani ɗan Sudan da muke kiwon raƙuma tare a nan Saudiyya ne ya kwanta, numfashi yana gagararsa, sai aka kwashe mu duka.

Likita ya ce korona ce. Na ce masa ai an yi mini allurarta tun a Gumel. Ya ce, "Waccan daban, wannan ta raƙuma ce, ba a samo mata allura ba tukuna." Na ce to me ya sa sunansu ɗaya? Wai 'yan gida ɗaya ne. Iya, har yanzu ban gane ba. Baba ya ƙare rayuwarsa cikin raƙuman kasuwar Maigatari, yana shan nononsu ɗanye, ban taɓa ganin ya kwanta ba.

Ina ɗan tari, amma ina jin sanyin ɗakin ne. Sun ɗebi majinata don gwaji, gobe za a gaya mini sakamakon.

Don Allah ki ce wa ƙanena Mu'azzam ya riƙa tafasa nonon raƙumi kafin ya ba yarana. Idan ya tambayi dalili, ki ce ni ma ban iya bayani ba, roƙonsa kawai nake yi.

Ki sa ni a addu'a.

Ɗanki,
Nata'ala