Ki Ce Masa Ya Daina Nemana

Zuwa ga Asana, 'yar Mma Lariba ta Bawku,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima a inda kike. Ni ce Zuwera ta Salaga, wadda kuka laƙaba wa suna Madam Ta.

Dalilin wannan wasiƙa shi ne 'yan ajinmu sun buɗe zaure a waya, Memunatu ta Yendi ta ce kowace ta rubuto abin da take tunawa na makarantar kwana. Wata ta tuna shekarar yunwa, lokacin da muka ci tuwon jar masara har ya fita ranmu. Wata ta tuna yadda muke jiƙa garin rogo da gyaɗa, mu bakwai a kwano ɗaya. Da aka sa hotonmu na ranar gama aji biyar, ana ta lissafa sunaye, aka zo kanki aka ce Allah ya jiƙan ta, aka wuce. Ni ban iya wucewa ba. Akwai abin da na ɓoye musu shekara da shekaru, yau zan faɗa miki, su ma su karanta.

Kin tuna ranar da kika zo makarantarmu ta Yendi? Kika shigo ɗakin kwana da akwatin katako yana warin albasa, kika nuna gadon da ke sama da nawa kika ce, "Yarinyan nan ya tafi?" Na kwashe da dariya har da riƙe ciki. Ni fa jikar fataken goro ce, a gidanmu Hausa gado ce, kakata dungure min kai take yi in na ce wa kaza "shi". Ku kuwa a Bawku Hausar kasuwa kuke yi, mace "shi", namiji "shi", ƙawa ma "aboki".

Shekara biyar ina bin ki da gyara. A layin abinci, a bakin famfo, har a gaban malamarmu. "Ta, Asana, ta!" Ke kuwa ko a jikinki, sai ki ɗaga kafaɗa ki ce, "Ai ka gane, ko ba ka gane ba?" Kai, na yi iyayi, Allah ya yafe min.

Amma da shawara ta kwantar da ni a aji uku, idona ya koma rawaya, 'yan ɗaki suna gudun kwanona, ke kika riƙa dama min koko kina ba ni a baki. Ke kike min kitso duk Asabar, kina ja kina mita wai kaina ya yi taurin na 'yan Salaga. Ranar da muka rabu a tashar mota, kowa na kuka, ke ba ki yi ba. Kika riƙe min mayafi kika ce, "In na kira ka, ka zo." Na ce ko a ƙafa ne.

Sai maganar Fuseini, ɗan'uwan tagwaicinki. Shi ke kawo miki kayan abinci ranar ziyara, ya gan ni, ya rubuto min wasiƙa har biyu. 'Yan aji suka sa ni gaba da tsokana wai matar Fuseini. Ni ba na so, kin sani. Wasiƙar ta biyu kuma a hannun Baba ta faɗa bayan mun gama makaranta, ya yi min faɗan da ban taɓa ji ba.

Wata huɗu bayan haka, ina zaune a rumfar Baba a kasuwar doya, shi da abokansa suna hira, sai ga wata mai albasa daga Bawku tana tambayar Zuwera. A gabansu ta ce, "Abokinka na Bawku, 'yan biyun nan, ba shi da lafiya. Ya ce ka zo."

Asana, aboki na ji, "shi" na ji, "ya" na ji. Na ga Baba ya ajiye goron da ke hannunsa ya zuba min ido. Kunya da haushi suka rufe ni, raina ya ce Fuseini ne ya ɓullo da sabuwar dabara. Na ɗaga murya don Baba ya ji, na ce, "Ki ce masa ya daina nemana. Babu ni babu shi."

Matar nan ni kaina "ka" ta ce min, wallahi. Ina mace a gabanta da ɗankwali da 'yan kunne ta ce min "ka", ban lura ba. Ni da na shekara biyar ina jin wannan Hausar a gadon da ke sama da nawa. Tambaya ɗaya da ta wadatar: wanne cikin 'yan biyun? Ban yi ba.

Bayan mako uku Memunatu ta aiko da labarin rasuwarki. Na yi kwana biyu a hanya, ta Tamale da Bolga, ina ta gaya wa kaina cewa ai ba ki aiko ba, ciwon ne ya zo da gaggawa. Ina shiga gidanku na ga Fuseini yana karɓar gaisuwa, lafiyarsa ƙalau. Nan na gane ke ce kika aiko.

Mma Lariba ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta ba ni ruwa, ta nuna min ɗakin da kika yi jinya. Ta ce mai albasa a bakin ƙofar nan ta tsaya ta isar da saƙona, kalma bayan kalma, kina ji. Na tambaye ta me kika ce. Ta ce, "Bai ce komai ba. Sai dai ya yi dariya kaɗan." Bayan kwana biyu kika cika.

Wannan dariyar ita ke bina, Asana. Na yi aure da ita, na haihu da ita, ga shi na yi jikoki tana nan. Wani lokaci ina tuƙa tuwo sai in tsaya da muciya a hannu ina juya ta.

Wata rana in ce dariyar baƙin ciki ce, ta wadda ta ba mutum koko a baki ya ce babu shi babu ita. Wata rana kuma in ce a'a. Duk faɗin Bawku ke kaɗai kika san cewa Zuwera ko da wuƙa a wuya ba za ta ce wa mace "masa" ba. Wataƙila da kika ji kalmar kin gane wanda nake nufi, kika ce a ranki wannan wawiyar ta ɗauka Fuseini ne. In haka ne, iyayin nan nawa da na ishe ki da shi ya yi rana sau ɗaya.

Amma ban sani ba, ƙawata. Wanda zai gaya min babu shi a duniya. Na yi kewarki, na ji kunyarki, kuma ina tsoron ki tafi da ni a zuciya a matsayin wadda aka kira ta ƙi zuwa.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka makwancinki, ya saka miki da Aljanna Firdausi. Allah ya jiƙan Mma Lariba da ta bi bayanki. Ni kuma Allah ya sa in cika da imani, ya haɗa mu a inda zan tambaye ki da bakina, ba ta bakin ɗan aike ba.

Mai jiran amsarki,
Zuwera, Salaga.