Baba Ya Ƙi Shan Magani Sai Na Duba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan da sauƙi za a ce, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mama na fama da ƙafarta, Auta ya ci jarrabawa, ni kuwa gajiya ta zame mini riga.

Kin sha tambayata abin da nake yi a ɗakin bincike. A cikin kowace ƙwayar hanta akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ake kira maitokondiriya, su ke ba ƙwayar ƙarfi. Fatar da ta lulluɓe su da wani irin kitse aka yi ta, kuma akwai wani sinadari, enzayim, da ke tsinke ɗan guntu daga kitsen ya mai da shi wani iri. Shi nake bibiya. Hantar ɓera nake niƙawa a kan ƙanƙara har yatsuna su sandare, don in ta ɗan yi ɗumi, aikin ranar ya tashi a banza.

To, ga inda gizo ke saƙar. Tun da likita ya ce hantar Baba ce ta kumbura, Baba yake bi gado-gado a asibiti yana shelar cewa 'yarsa likitar hanta ce. Ya rantse ba zai haɗiyi ƙwaya ko ɗaya ba sai na duba. Na yi bayani har bakina ya bushe cewa ni ta ɓeraye na sani, ya ce ai hanta hanta ce. Ranar Talata na riga na fara niƙa, ba halin tashi, sai da yamma na isa. Na tarar da maganin safe da na rana a ajiye, idanunsa sun yi rawaya. Na ɗauki kwalin na jujjuya kamar na san wani abu, na ce ya sha. Ya shanye yana hararar nas.

Yaya, na gaji, kuma tsoro nake ji. Likita ya ja ni gefe ya ce a kira na nesa. Jiya Baba ya tambaye ni ko zai tashi, ya ce maganata kaɗai zai yarda da ita. Na ce sai na ƙara dubawa. Don Allah ki zo kafin ya sake tambayata.

Ki gaida maigidan, da takwarar Mama, da Gwaggo in kin leƙa ta.

Taki,
Ƙanwarki