Tankar da Ba Ta Jin Harbi

Paysandú, 9 ga Yuni

Zuwa ga Kompadre Olegario,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya kai da Komadre Zulma, da fatan gwiwar da aka yi wa aiki tana lafawa. Na gaishe ka ne don haka aka tarbiyyantar da ni, kuma don kai ka riƙe mana 'yarmu Mariela a coci ranar baftisma, abin da ya mai da kai kompadrena. Wasiƙa na zaɓa saboda a waya kana katse mutum.

Kai ne shugaban kulob ɗin masu yaƙin tankokin wasa, don haka ga abin da aka yi min jiya a bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa, kana kwance a gida. Ku kuka shirya yaƙin tunawa da Heber, wata guda da rasuwarsa, ku kuka ce in zo da tankarsa in tuƙa da hannuna. Ni mai gyaran gashi da farce, me na sani game da rimot? Na zo don darajar mijina, har da kwandon wainar fulawar nan, tortas fritas, da na soya wa ƙatti goma sha biyu. Ina shiga fili tankar ta maƙale a gindin gadar kwalinku, na rasa yadda ake komawa da baya.

Sai ga baƙon nan naku, Fabricio, likitan haƙorin da ya zo daga Montevideo da tanka mai tsadar babur. Ya tsaya gabana ya yi ta harbi. Sau goma sha ɗaya, in ji shi. Fitilar tankar Heber ba ta ƙifta ba, tankar ba ta girgiza ba. Ya ajiye rimot ya ce, "Doña Nilda, wannan tankar taki laya aka ɗaura mata ne? Ko marigayin ne ke tare mata harbi daga sama?" Aka yi dariya. Da abincina a bakinsu, kompadre.

Na yi shekara talatin da ɗaya ina jin zancen tankoki a kan teburin cin abinci, ba jahila ba ce ni. Na san harbinku haske ne da ido ba ya gani, kuma ƙoƙon nan da ke saman tanka, wanda kuke kira tuffa, shi ke jin hasken ya ƙirga, in ya kai tara babbar tanka ta mutu. Na kuma san kowane kamfani da yaren haskensa. Tankar likita ta wani kamfani ce dabam da taku. Wai ya saka mata 'yar na'urar da kuke kira tafinta don taku su fahimce ta. Wa ya gwada tafintan? Mutum ya zo da baƙon yare, kurma ya ƙi amsa masa, sai a ce kurma ne mai laifi?

Yanzu ana raɗe-raɗin shekara ukun da Heber ya yi yana cin kofi akwai lauje cikin naɗi. Mutumin da ciwon suga ya cinye wa rabin ido, yana tuƙi da kunne da haddar fili. Kai kake ɗauko shi a mota kowace Lahadi, ka fi kowa sani. Ka tashi ka rufe musu baki, ko da sanda za ka dogara.

Ka gai da Zulma.

Komadrenka,
Nilda

Paysandú, 16 ga Yuni

Olegario,

Ina fatan kun tashi lafiya. Na ga gwiwa ta yi sauƙi, tunda ta iya kawo ka fili jiya. Harshenka ne dai da alama aka yi wa aiki.

Zan maimaita maka abin da ya faru, ko da yake kana wurin, don in tabbatar idonka a buɗe yake. An jera tankoki goma sha biyu a inuwar sito, don kada rana ta rikita tuffa. Likita ya bi su ɗaya bayan ɗaya da harbi, kowace ta ƙifta ta girgiza. Tafintansa lafiya lau, na ji, na haɗiye. Aka zo kan ta Heber, shiru ta gaba, shiru ta gefe, sai ta baya ta amsa. Kai da hannunka ka zare tuffar ka miƙa masa, ya buɗe ta da ɗan ƙarfen da yake ƙwaƙular haƙoran mutane. Ga fenti ruwan azurfa a ciki, an shafe ko'ina sai 'yar kafa ta baya.

Nan take kowa ya zama mai tuni. Wannan ya tuna harbinsa na bara da bai ci ba, wancan ya tuna na bara waccan. Tsoho Bautista, wanda Heber ya kwana biyu yana gyara wa sarƙar tanka kyauta, cewa ya yi, "Ashe shi ya sa! Ni dama na ce makaho ba ya cin mai ido sai da dalili." Likita kuwa ya gyara murya kamar fada a kan mumbari, wai wasan nan ba shi da alƙali sai amana, tunda wanda aka harba shi ke faɗa da kansa cewa an same shi, in tanka ta daina faɗa to wasa ya mutu. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ƙara tsanarsa.

Aka tsayar da Lahadi mai zuwa za a yi ƙuri'a a kankare sunan Heber daga allon tagulla na masu cin kofi, layi uku. Na juyo na dube ka. Kana zaune da ƙoƙon shayin mate a hannu kana zuƙar bututu kamar a can amsar take. Shekara arba'in kuna tare. Kai ka ɗauki kan akwatin gawarsa. Ko "ban yarda ba" ba ka ce ba.

Na san dalili, kada ka ɗauka ban sani ba. Shekara ukun nan kai ne na biyu. In aka kankare nasa, sunan wa zai hau? Allah ya ba ka kofin, ka sha mate a ciki.

Kada Zulma ta zo shago ranar Alhamis, ba ni da wuri.

Nilda Cabrera, matar Heber Techera

Paysandú, 20 ga Yuni

Kompadre,

Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Ni dai ba lafiya ba, kwana huɗu abinci ba ya wuce min. Ka ce wa Zulma ta yi haƙuri da abin da na rubuta, ita ba ruwanta.

Ku goma sha biyu kun juya tuffar nan kun shinshina, kuna fenti tun kuna yara, amma babu wanda ya iya bambance fentin tanka da jan farce. Jan farce ne ruwan azurfa, wanda amare ke so. Kwalbar tana shagona a layi na biyu. Ni na shafa.

Shekara uku da suka wuce, Lahadin da aka kashe shi sau huɗu a jere, Heber ya dawo ya ɗora tankar a kan kantar kicin, ya ce min ya gama, zai sayar. A makon ne likitan ido ya hana shi tuƙin mota, a watan ne suka sallame shi daga wurin aiki. Tankar nan kaɗai ta rage masa da yake fita dominta ya aske gemu. Washegari ya tafi asibiti, na zare tuffar na yi abin da na iya. Na bar kafa ta baya don a riƙa samunsa jifa-jifa. Lahadi ta zagayo na matsa masa ya je sau ɗaya na ban kwana, ya dawo yana waƙa. Bai taɓa sani ba. Ya mutu yana ganin da ƙwazonsa ya ci, kuma ban yi nadamar wannan ba.

Da na kawo ta yaƙin tunawa ban ji ɗar ba, abin da ya wuce shekara uku ba a gane ba. Da asiri ya fara tonuwa sai na kama likita da tafintansa. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, na naɗe iya ƙarfina, ta ƙi naɗuwa.

Ranar Lahadi zan zo da kwalbar, in faɗa da bakina kafin a ɗaga hannu. Ku kore ni, ku ce min ɓarauniya, rabin matanku su daina zuwa shagona, na yarda. In kun ga kofin bai halatta ba ku ɗauke. Amma ba za a ce Heber Techera macuci ba ne ina raye.

Kai kuwa wannan bai wanke ka ba. Ba ka san ni ce ba, abin da ka sani abokinka ne ake yanka, kuma ka yi gum.

Nilda

Paysandú, 23 ga Yuni

Kompadre Olegario,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da Zulma. Na ji an ce tsayuwar jiya ta tayar maka da gwiwa. Allah ya ƙara sauƙi, amma ba na tausayinka.

Ka karɓi wasiƙata tun Juma'a. Kana iya tako ƙafa ka zo shago. A'a, sai ka bari na tsaya gaban ƙatti da kwalbar jan farce a hannu, na kira kaina mai maguɗi, na ga Bautista ya sunkuyar da kai. Sai da na gama tsiraita kaina sannan ka miƙe, ka laluba aljihun rigar sanyi, ka fito da wata tuffar. Tsohuwa, rana ta ci launinta, an ƙarce harafin H a gindinta.

Na rubuta maganarka don kada in manta, kada kuma ka canza ta. Ka ce Lahadin farko, kafin ku kai kwanar gidan mai, Heber ya ce ka tsaya. Ya ɗaga tankar ya kai hanci, ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Olegario, idona ne ya mutu, ba hancina ba. Shekara nawa ina kwana da warin nan?" Ka ce ka ba shi tuffarka ta ajiya, ya ƙarce mata harafin sunansa, da ita ya shiga fili ranar, da ita ya shiga kowace Lahadi bayan nan. In kun dawo, a ƙofar gidana, a cikin motarka, yake mayar da mai fentin ya ba ka mai kyau ka ajiye. Ya kuma rantsar da kai kada in sani, ko yana raye ko ba ya raye.

Likita, Allah ya ba shi lada duk da ban so ba, ya sa aka nemo bidiyon gasar bara a waya. Muka taru a kan ɗan allon muna ƙirgawa. An sami Heber ta gaba sau shida, fitila ta ƙifta sau shida, sannan ya zagaya bayan sito ya kashe ka. Bautista ya ce, "To ni dama ai na taɓa kashe shi ta gaba," kamar ba shi ya yi zancen makaho ba. Suna ya zauna, layi uku. Ni an dakatar da ni wata shida, hannu goma sha ɗaya, har da naka. Daidai ne.

Yanzu ka ce in gode maka? Ka zaɓi rantsuwa, ka bar sunan abokinka a bakin wuƙa mako biyu, don kada a ce matarsa ce. Wa ya ce maka sunana ya fi nasa? Kuma kun mayar da ni sakarya, ku biyu, shekara uku. Kowace Lahadi ina tsaye a taga ina kallonku kun daɗe a mota, ina cewa hirar tsofaffi ce. Yana shigowa da waƙa ina juya baya ina murmushi, wai ni mai wayo, ni na ba shi. Abu ɗaya da nake ganin na yi masa a ciwon nan, ashe ko fili bai taɓa shiga ba.

Da na tare ka a bakin mota na tambaye ka me ya sa bai yi min faɗa ba, ka ce cewa ya yi, "Bar ta. Ta kasa tare min ciwon, bari ta tare min harbi." Na juya na tafi gida, don ban so ka ga fuskata ba. Yau ban buɗe shago ba.

Ban yafe maka ba, kada ka ɗauka wasiƙar sulhu ce. Amma ranar Lahadi ƙarfe tara ka tsaya a ƙofar gida kamar yadda ka saba. Dakatarwa ba ta hana kallo ba, kuma za ka koya min komawa da baya a gefen fili, don in wata shida ya cika ina da magana da likitan haƙori, ta gaba, tara cif. Ka zo da tuffar mai harafin H, ta mijina ce. Mai fentin ma ka karɓo min ita daga hannunsu, kada kowa ya goge ta. A kan kantar kicin zan mayar da ita, inda ya riƙa mayar min.

Zulma ta zo Alhamis ƙarfe huɗu.

Komadrenka,
Nilda